Cin Kifi a Bakin Ruwa: Jagora ga Mai Fita daga Keffi

Akwai abin da masu sana'ar kifi suka sani wanda baƙo bai cika sani ba: zaman rumfa a bakin ruwa ba shaida ba ce cewa kifinta daga wannan ruwan ya fito. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha bayarwa sun nuna Najeriya na buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Da kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ake toshe wani ɓangare na giɓin. Saboda haka mai gashi na iya kafa rumfarsa dab da tafki, amma kifin da ke kan wayarsa daga gidan sanyi aka ɗauko shi, ko daga tankin kiwo.

Wannan ba aibu ba ne muddin an gaya maka gaskiya, kuma kuɗin abin da ka ci aka karɓa. Abin da ke kanka shi ne ka bi kifinka da ido tun daga roba har faranti. Ga yadda ake yi, ga mutumin Tudun Ƙofa da maƙwabtansa na Gangaren Tudu, Yara da Liman Abaji da ke son fita da iyali ko abokai.

Ina za a nufa?

Kogin Antau na nan kusa, amma da rani yakan ja baya sosai, don haka mai neman babban ruwa sai ya hau mota. Hanya uku ce a gabansa.

Ta farko ita ce ta Abuja, tafiyar kilomita 50 ko fiye kaɗan, ta Masaka da Mararraba da Nyanya. A can akwai tafkin Jabi, wanda ɗan Adam ne ya tare ruwansa, da wuraren zama da na cin abinci a gefensa, kuma kasuwar kifi ta Kado ba ta da nisa da shi. Kafin ma a shiga gari sosai akwai kasuwar mami ta barikin Mogadishu, wanda aka fi sani da barikin Abacha, inda gashin kifi ya yi suna ko da yake ba a bakin ruwa take ba. Wannan hanya ta dace da mai son kujera da tebur da makewayi mai tsabta. Farashinta ne ya fi tsada.

Ta biyu ita ce ta kudu: Laminga, Nasarawa, sannan Loko a bakin kogin Binuwai. Tsohuwar hanya ce. Kafin jirgin ƙasa ya isa tsaunukan Jos, ta Keffi 'yan dako ke bi da kuza a ka zuwa Loko, inda ake loda ta a jiragen ruwa. Yanzu gadar Loko zuwa Oweto, wadda aka ƙaddamar a 2023, ta ƙara wa hanyar zirga-zirga. A nan ne za ka ga kifi yana fitowa daga kwalekwale.

Ta uku ita ce ta gabas: Garaku, Akwanga, Lafiya, sannan madatsar ruwan Doma. A wuri irin Loko da Doma masunta za ka je nema da matan da ke suya da banda. Ka tafi da tabarma, da ruwan shanka, da kayan yajinka.

Lokacin tafiya

Kaka da farkon hunturu sun fi kyau, daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu. Ruwa ya fara janyewa, kifi ya yi ƙiba bayan ya sha kiwo a fadamu, hanya ta bushe. Tsakiyar damina kuwa ruwa ya cika ya yi ja, hanyoyin karkara sun caɓe, kuma lokacin ne cutar amai da gudawa ta fi yawo.

Mai zuwa bakin kogi ya fita bayan sallar asuba, domin da hantsi masunta ke dawowa daga duba komar da suka kafa da dare. Wanda ya isa bayan azahar ragowar abin da rana ta buga zai tarar. Mai zuwa Abuja ya tuna da cunkoson Mararraba da Nyanya: a ranakun aiki yana tsananta da safe ga masu shiga, da yamma ga masu fitowa. Asabar ta fi sauƙi. Kowace hanya za ka bi, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a wannan makon, ka kuma tsara dawowa gida kafin magariba.

Kwana ɗaya kafin tafiya ka leƙa kasuwar Keffi ka ji nawa ake sayar da kilon tarwaɗa da karfasa. Da wannan farashin za ka auna duk abin da za a gaya maka a can. Ka riƙe tsabar kuɗi, don sabis ɗin waya na iya yankewa a bakin kogi, tura kuɗi ya gagara.

Zaɓen rumfa

Kada ka zauna a rumfar farko saboda yaron da ya tare ka a bakin mota. Irin waɗannan yaran la'ada suke samu, kuma a cikin kuɗinka za ta fito. Ka zaga tukuna. Duba inda direbobi da mutanen gari ke cika, domin inda ake yawan ciniki kifi ba ya kwana. Duba ruwan da ake wanke faranti, ko ana sauya shi. Duba katakon yanka, da ko an rufe abinci daga ƙuda. Mai rumfar da ya bar ka ka leƙa wurin wutarsa ba tare da ɓata rai ba, yawanci ba shi da abin ɓoyewa.

Kifi ba ya buƙatar yanka irin na dabba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne, har da tarwaɗa. Abin tambaya shi ne wayar gashin: kifi kaɗai ake ɗorawa a kanta, ko har da wani naman da ba ka ci? Wasu wuraren kuma ana sayar da giya, musamman da yamma. Mai tafiya da iyali ya tambaya tun daga bakin ƙofa, ya kuma nemi inda ake salla.

San kifin da kake saye

Tarwaɗa ita ce aka fi samu. Ba ta da ɓawo, ƙayarta kaɗan ce, ta dace da farfesu da gashi. Tana da wata gaɓa a kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin roba mai ruwa kaɗan. Karfasa na da ɓawo da ƙaya mai kaifi a baya, namanta fari, ta fi daɗi a suya ko a gasa ta a buɗe. Giwan ruwa shi ne babban kifin da ake yi wa gunduwa-gunduwa, tsoka zalla, kuma shi ake fatan kamawa a bikin Argungu. Ragon ruwa namansa laushi da maiƙo. Yauni dogo ne, mai tsada, ana ji da shi. Ƙurungu na da daɗi a romo, amma ƙayoyinsa na gefe da na baya suna suka da zafi, kada yaro ya taɓa shi ɗanye. Talibambam kuwa, mai kumbura ciki, a bar shi, domin danginsa na ɗauke da guba.

Bambance na kogi da na kiwo ba shi da wuya. Tarwaɗar kiwo takan kai kilo ɗaya cikin wata biyar zuwa shida, kuma da yake tare aka zuba su, za ka gan su a roba kusan kansu ɗaya, masu tumbi da kitse. Kamun kogi a gauraye yake zuwa: babba da ƙarami, jinsi daban-daban, wani da tabon koma a jiki. Namansa ya fi tauri da ɗanɗano, kuɗinsa ma ya fi. Idan aka nuna maka tarwaɗa ashirin masu girma ɗaya aka ce yanzu aka ciro su daga kogi, ka saya in kana so, amma a farashin na kiwo.

In da hali ka zaɓi mai rai. Nuna wadda ke motsi da ƙarfi, fatarta ba gyambo, gashin bakinta bai gutsire ba. Wadda ta kwanta rigingine ko take layi a saman ruwa, ka wuce ta. Idan kifin ya riga ya mutu, abu huɗu za ka duba:

1. Ido. Na sabo garau yake, ya ɗan turo waje. Wanda ya daɗe idonsa ya faɗa, ya yi hazo.
2. Ƙarƙashin murfin kunne, inda yake numfashi. Ɗaga ka gani: ja wur ake so. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka yana yauƙi, ya kwana.
3. Tsoka. Danna da yatsa. In ta dawo nan take, lafiya. In gurbin yatsa ya zauna, ko cikin ya saki, a'a.
4. Wari. Sabon kifi ƙarninsa kaɗan ne. Wari mai hawa kai alamar ruɓa ce.

Akwai kuma kifin da aka kashe da guba. Wasu marasa tsoron Allah na zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa, komai ya mutu ya taso. Alamarsa tulin kifi matattu, manya har da 'yan mitsi-mitsi, jikinsu ya yi laushi da wuri, wani lokaci da warin magani. Ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Ciniki kafin wuƙa

Yawancin rigimar da ake yi a rumfar kifi daga nan take tasowa: an ci an ƙoshi, sannan aka kawo lissafin da ba a zata ba. Ba a ƙasarmu kaɗai ba. A ƙasar Polan, yankin Mazuri mai tafkuna fiye da 2,000 da garuruwan bakin tekun Baltik cike suke da rumfunan suyar kifi, kuma farashin da ake rubutawa a allo sau da yawa na giram 100 ne, ba na kifin gaba ɗaya ba. Duk bazara sai an ji koken baƙin da suka ɗauka kuɗin faranti ne. Maganin abin a can da nan ɗaya ne: a auna a gabanka, a faɗi jimla, sannan a taɓa wuƙa.

Fara da gaisuwa. Dattijuwa mai suya ka ce mata, "Mama, sannu da aiki, ya kasuwa?" Masunci babba kuwa, "Baba, barka da fitowa, ya ruwa?" Sannan ka nuna abin da kake so ka ce, "Wannan nawa za a bar mini?" In ya faɗi kuɗi ka taya. In ya ce "albarka", ka ɗan ƙara. Kada ka kushe kayan mutum don neman ragi. Masunci ya kwana a ruwa kafin ya samo shi. In an sallama, ka tabbatar da abin da kuɗin ya ƙunsa: "Mama, har da gyara da gashi da yaji, ko kuɗin kifi kaɗai ne?" Ka tambayi na doya ko agada daban, na abin sha daban, na zama ma in ana karɓa.

A bakin kogi yawanci da ido ake ciniki, kashi-kashi ko ɗaya-ɗaya, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A birni sikeli ake amfani da shi. Ka ga allurarsa a kan sifiri kafin a ɗora, a kuma tsiyaye ruwan roba. In kana shakka, ɗora gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da ba a buɗe ba: ya kamata ta nuna kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Wajen ƙiyasi, tarwaɗa mai kilo ɗaya na isar manya biyu in akwai abin haɗawa, domin kai da kayan ciki na kwashe kaso mai yawa na nauyin.

Bayan an gama ciniki ka sa a yi wa kifinka alama, kamar a ɗan yanke gefen jela, ko ɗaya daga cikinku ya bi shi wurin gyara. Inda ake gasa kifi da yawa a lokaci guda, musanya na faruwa ko ba da gangan ba.

Gyara

Yauƙin jikin tarwaɗa shi ne tushen ƙarni. Ana fitar da shi da ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba: a kwara, yauƙin ya yi fari ya dunƙule, a kankare da wuƙa. Wasu da gishiri da lemun tsami suke murzawa, wasu da toka. In ruwan ya cika zafi fatar za ta saɓule. Karfasa da giwan ruwa kuwa kankare ɓawo ake yi daga jela zuwa kai.

Wajen fasa ciki a kula da maɗaciya. In ta fashe, ɗacinta na bin naman, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. A cire jan abin numfashin nan na cikin kai, a kankare daskararren jinin da ke manne da ƙashin baya. Wankin ƙarshe da ruwa mai tsabta za a yi, ba da wanda aka ɗebo daga gaɓa inda ake wanki da wanka ba. In babu, ka ba da naka.

Wuta

Gashi da garwashi ake yi. Sai gawayi ya ruru ya yi ja, toka ta fara rufe shi, sannan a ɗora kifi. Harshen wuta na ƙona fata ya bar ciki ɗanye. In ka ji warin kananzir ko ka ga an hura wutar da leda, ka jira ya ƙone sarai. A tsattsaga jikin kifin a karkace har wuƙa ta taɓa ƙashi, tsaga uku ko huɗu kowane gefe. A cusa haɗin attaruhu, albasa, citta, tafarnuwa, masoro, gishiri da man gyaɗa, a bar shi ya sha kamar minti ashirin. A shafa wa waya mai. Ƙa'idar masu girki ita ce kusan minti goma ga kowane kaurin santimita biyu da rabi, a juya sau ɗaya ko biyu kawai. Tarwaɗa mai kilo ɗaya takan ci rabin awa ko fiye. Wadda aka naɗe a takardar gashi ta fi romo, wadda aka gasa a buɗe ta fi ƙamshin hayaƙi.

Ka duba nuna a wuri mafi kauri, bayan kai. Naman da ya nuna fari ne fat, yana rabuwa da ƙashi cikin sauƙi. In akwai ja ko sheƙi a jikin ƙashin, a mayar kan wuta. Kifin ruwan daɗi na iya ɗaukar tsutsotsi, kuma zafi ne ke kashe su.

Farfesu ya fi sauri. A tafasa ruwa da albasa, attaruhu, citta, kimba, gyaɗar miya da ɗan daddawa har su haɗu, sannan a jera gunduwoyin kifi, a rage wuta, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ba a juya shi da ludayi, girgiza tukunyar ake yi don kada ya dagargaje. Ɗoɗɗoya a ƙarshe ake sa ta. Suya kuwa ka dubi man: in ya yi baƙi yana kumfa, an daɗe ana maimaita shi, gara ka koma gashi.

Babu abin haɗawa da ya fi doya, ga ta kuwa a wadace a jihar Nasarawa, soyayya ko gasasshiya. Masa da sinasir na tafiya da farfesu. Ɗanyen kabeji da tumatir da ake barbaɗawa a sama su ne suka fi kawo ciwon ciki in an wanke su da ruwa marar kyau. In ba ka ga wankinsu ba, ka ce a bar maka albasa da lemun tsami kawai.

Yara, ƙaya da ruwa

A wanke hannu da sabulu kafin a fara. Yara a ba su tsokar tarwaɗa ko giwan ruwa, babba ya murtsuke ta da yatsu ya tabbatar ba ƙaya. In ƙaya ta maƙale a wuya, al'adar haɗiyar lomar tuwo na iya ƙara tura ta cikin nama. A yi tari a hankali, a kurɓi ruwa. In ba ta fita ba, ko ana jin zafi wajen haɗiya, a nufi asibiti mafi kusa. A gida kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi.

Kada a bar yara su shiga ruwan da ke kwance, mai ciyayi a gefe. A nan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya take zama, kuma ta fata cutar ke shiga, ko ba a sha ruwan ba. Wanda ya ga jini a fitsarin yaro makonni bayan tafiyar ya kai shi asibiti, akwai magani. Yawon kwalekwale kuma sai da rigar kariya ga kowa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare. Kwalekwalen da aka cika maƙil, ka jira na gaba.

Tsaraba

Ɗanyen kifi ba ya jure zafin mota na awanni sai a cikin kula mai ƙanƙara. In babu, banda za ka saya. Mai kyau ya bushe ƙayau, launinsa ja mai duhu, yana ƙamshin itace. Karya ɗaya ka duba ciki, kada a ga gari ko tsutsa ko fumfuna. Ka sansana sosai: wasu na fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari irin Sniper don korar ƙwaro, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Wanda ka kai gida a jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri, a wanke sau biyu kafin ya shiga miya. Ragowar gasasshe kuma a ci da wuri, ko a ɗumama shi sosai da an isa gida.

Kafin ka tashi ka biya abin da aka yi yarjejeniya, ka sallami yaron da ya yi maka hidima, ka kwashe ledoji da gorunan da kuka zo da su.

Roƙo na ƙarshe ga mai saye: kada ka sayi 'ya'yan manyan kifi da aka kamo da koma mai ƙananan idanu, komai arharsu, kuma ka ƙi na guba a fili yadda mai sayarwa zai ji dalili. Masunci abin da kasuwa ke karɓa yake kamowa. In masu saye suka daina karɓar waɗannan, masu kama su za su daina, Binuwai da Doma su ci gaba da ba da manyan kifi. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.